Ruwan Sanyi a Mashigar Teku

Shekara ashirin da shida Injiniya ya yi a cibiyar binciken teku, a wani ɗaki mai taga ɗaya can bayan ofisoshi, yana haɗa na'urorin auna gudun ruwa. Ba shi da takardar injiniya. Abokan aiki ne suka laƙa masa sunan, ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take kiransa.

Bara ya haɗa na'ura uku, jirgin cibiyar ya kai su wata mashigar teku, matsattsiyar hanya tsakanin tuddai biyu a ƙarƙashin ruwa. Ta nan ruwan sanyi mai nauyi yake gangarowa daga wannan teku zuwa wancan, can ƙasa inda haske ba ya kaiwa. Aka dasa ɗaya a bakin mashigar, ɗaya a tsakiya, ɗaya a mafita. Sai da suka shekara aka ciro su, duk jikinsu gansakuka.

Ran Litinin Dakta ta kira shi ofishinta. Ita ce mai binciken, sa'ar 'yarsa ta fari, ba ta taɓa wuce shi ba tare da ta gaishe shi ba. Ta juyo masa da kwamfuta. Layin gudun ruwan da na'urorin suka auna ya yi sama ya yi ƙasa kamar haƙoran zarto.

"Baba, ba zarginka nake ba," in ji ta. "Amma duba. Kwana huɗu ruwan yana gudu kamar an koro shi, sai ya lafa, wani lokaci har ya karkace gefe. Mu abin da muka zata, tafiyarsa ɗaya ce. Anya farfelar na'urar ba ta cijewa?"

"Bari in duba, Dakta," ya ce.

Kwana biyu ya yi yana kwance na'urorin, ƙusa bayan ƙusa. Ya wanke, ya mayar, ya gwada su a tankin gwaji. Farfela tana juyawa sumul. Bai ga laifi ba, kuma rashin ganin ya fi damunsa.

Da ya koma gida da la'asar, Malama, matarsa, tana shanya a bayan kicin. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, kallo ɗaya ya ishe ta gane wanda lissafi ya kuɓuce masa.

"Injiniya, wannan fuska fa? Ko teku ya ƙafe?"

Ya zauna a kan bokiti ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta saurara da rigarsa jiƙaƙƙiya a hannu.

"Kai da ka ga 'yan aji suna fita ta ƙofa ɗaya, a jere suke fita? Miƙo mini bulon nan biyu."

Ta jera su cikin bahon wanki mai ruwa, ta bar 'yar kafa a tsakani. Ta ɗauko ruwan ƙanƙara daga firji, ta zuba gishiri da bula, ta tsiyaya a hankali ta gefe guda. Shuɗin ya nutse, ya bi ƙasan bahon yana rarrafe. Da ya iso kafar sai ya taru, ya kutsa, ya fito ta ɗaya gefen yana murɗewa.

"Baho dai ba teku ba ne," ta ce, "kada ka je ka ba ni kunya gaban masu digiri."

Injiniya ya yi dariya har da tari. Kallon sanyin nan da ke tafe da shuɗin ne ya tuna masa cewa kowace na'ura tana da ma'aunin sanyi, kuma babu ruwansa da farfela.

Washegari ya riga mai shara isa ofis. Da Dakta ta zo ya ce, "Ɗora mini layin sanyi a kan layin gudu. Na duka ukun."

Ta ɗora. Duk inda gudu ya tashi, sanyi ya ƙaru. Abin kuma yakan fara a na'urar baki, bayan sa'o'i ya isa ta tsakiya, sannan ta mafita.

Dakta ta dafe kai. "Baba! Ai ba na'ura ba ce, ruwan ne! Dunƙule-dunƙule yake wucewa, yana juyi. Wa ya ba ka wannan dabara?"

"Wata babbar malama," ya ce, yana gyara tabarau. "Amma ba ta karɓar ɗalibai yanzu."

Kafin azahar labari ya zaga cibiyar. Shugaba da kansa ya leƙo ɗakin bayan, abin da ya jima bai yi ba, ya ce baɗi na'ura takwas suke so.

Da kowa ya watse, Injiniya ya ɗauko tef ya auna teburinsa. Shida zai ɗauka, in an matsa. Ya fitar da kujerarsa baranda, ya jawo wata tsohuwar ƙofa da ke jingine a bango ya ɗora ta kan akwatuna biyu, sannan ya kunna rediyo ya fara jera ƙusoshi.