Kala Dubu Huɗu

"Ɗaga hannunki, kin daɗe a kai," in ji Baba Waya. "Ƙirga biyu na ce miki, ba guga kike yi ba."

Tela ta janye ƙarfen dalmar da sauri. Siririn hayaƙi ya tashi ya shige mata hanci, ta kau da kai tana tari.

"Baba, ya aka yi ka san na daɗe, kai da ba ka gani?"

"Wari. Dalma in ta ƙone warinta daban ne."

Sati uku ke nan kullum da yamma take rufe keken ɗinkinta ta tsallako ƙofar da ke kallon tata, a hawa na biyu. Duk gidan benen nan babu wanda Baba Waya bai taɓa gyara wa wani abu ba: fanka, rediyo, dutsen guga, har motar wasan yara. Wayoyin lantarkin da ke leƙowa daga aljihun rigarsa ne suka ja masa sunan. Yanzu ciwon suga ya cinye masa ido, sai haske da duhu yake bambancewa, hannunsa kuma ko kofi ya ɗauka sai shayi ya zuba.

A kan teburinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta mai ruwan toka, irin wadda maɓallanta ke jikinta, ake jona ta da talabijin. Kala goma sha shida kacal ta iya nunawa. Shekara arba'in da suka wuce, yana saurayi a wani ƙaramin kamfani, ya zana wani kati da za a soka mata a tsagar da ke bayanta, ta koma nuna kala dubu huɗu da ɗoriya. Kamfanin ya rufe kafin a ƙera ko guda ɗaya. Takardun zanen suka zauna a gwangwanin biskit, sai bana wani tsohon abokin aikinsa ya sa aka buga masa koren allon katin, ya aiko da shi tare da kayan haɗi a ƙananan ledoji. Saƙon ya iso a makon da likita ya ce zuciyar Baba ta gaji.

Ranar da ya roƙi Tela ta haɗa masa katin, dariya ta yi. "Ni da ko fulogi ban taɓa kwancewa ba?"

"Ke da kike zura zare a allura ba tare da kin duba ba? Hannu nake nema, 'yar nan. Kan yana wurina."

Haka kuwa aka yi. Ita ce ido da hannu, tana sunkuye a kan gilashin ƙara girma, shi yana kishingiɗe a kujera da bargo a gwiwa, yana faɗo lambobi da ka kamar jiya ya rubuta su. Akwai wani baƙin abu mai ƙafafu arba'in da ta sa wa suna ƙwaro. Kwana huɗu ta yi tana liƙa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. In ta ce bari ta duba takarda, sai ya ce, "Duba, amma abin da na faɗa za ki gani." Ba ta taɓa kama shi da kuskure ba, abin har haushi yake ba ta.

"Wai me za ka kalla da kala dubu huɗu?" ta tambaye shi wata rana.

"Sama. Wannan abar shuɗi biyu kawai ta sani, mai duhu da mai haske. Ke kin taɓa ganin sama mai shuɗi biyu?"

'Yarsa tana aiki a wani gari mai nisa, kullum sai ta bugo waya. Rannan Tela ce ta ɗaga.

"Yaya, don Allah ki daina biye masa. Hutu likita ya ce. Tun muna yara wannan kwamfutar ta fi mu ganin fuskarsa."

"Ki bar shi, ƙanwata. Ranar da ban zo ba ko abinci ba ya ci."

'Yar ta ce za ta zo ƙarshen wata.

Ranar Laraba suka liƙa ƙafa ta ƙarshe. Tun da safen ranar numfashin Baba ya fara yin sama-sama, ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba sa shiga. Tela ta ce a tafi asibiti.

"A soka katin tukuna."

"Baba!"

"Minti goma. In kin ga na faɗi, ki kira mota."

Ta soka katin a tsagar, ta danna har ya ce ƙyas. Ta kunna. Talabijin ɗin ya yi ƙara, ya yi fari, sannan layuka suka cika shi daga sama zuwa ƙasa.

"Me kike gani?"

"Kore. Kore da shuɗi, sai wani baƙi-baƙi a gefe. Baba, na ɓata maka aiki."

"Ja fa?"

"Babu ja ko ɗigo."

Ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, yatsansa na tafiya a kan bargo kamar yana bin hanya. Ba a yi minti ɗaya ba ya ce, "Kashe. Ciro shi. Ƙafa ta sha biyu da ta sha uku na ƙwaronki, dalma ta haɗe su."

Ta kai gilashi. Ga shi kuwa, ɗan ɗigon dalma da bai kai ƙwayar yashi ba ya haɗa ƙafafun biyu. Ta ɗago ta kalli tsohon nan da bai ga katin ba ko sau ɗaya. Ta ɗumama ƙarfe ta raba su.

Da ta mayar da katin ta sake kunnawa, hoton sararin sama ya cika talabijin ɗin, sai da ta dafe ƙirji.

"Kin yi shiru," ya ce. "Faɗa mini. Kada ki ce shuɗi kawai, ki faɗa mini yadda kike faɗa wa mai sayar da zare."

Ta matsa kusa da talabijin ɗin. "Can sama shuɗi ne mai duhu, kamar na rigar 'yan makaranta. Yana saukowa yana washewa, ba ka ganin inda wani ya ƙare wani ya fara. Ga ruwan bula. Ƙasa da shi ya yi fari-fari, sai ruwan hoda ya shigo a hankali, sai ruwan ƙwai, sai ruwan goro. Can ƙasa ja ne kamar garwashi. Akwai wani a tsakani, Baba, wallahi ban san sunansa ba. Babu zarensa a kasuwa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Babu layi a tsakani?"

"Ko ɗaya."

"To. Na san lissafin daidai ne, so nake wani ya gani." Ya lalubo hannunta ya riƙe. "Kira motar."

Kwana biyu ya yi a asibiti. 'Yarsa ta iso ta same shi da rai, ya gane muryarta, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Mutanen benen suka cika matakala, kowa da labarin abin da ya taɓa gyara masa. Mai shagon ƙasa ya ce fankarsa shekara sha tara ke nan ba ta sake tsayawa ba, ya faɗa yana share ido da bakin riga.

Bayan mako guda 'yar ta zo da kwalaye don kwashe ɗakin. Tela ta taya ta naɗe kaya. Da suka gama da tufafi da littattafai, suka zo kan teburin. 'Yar ta tsaya da kwali a hannu tana kallon kwamfutar.

"Wannan ce ta hana shi tafiya asibiti da wuri?"

"Minti goma ya roƙa. Na ba shi ashirin."

"Ya gani kuwa?"

"Bai gani ba. Ni na gani."

'Yar ta ce, "Kunna min, Yaya."

Tela ta kunna, ta ja labule saboda hasken rana. 'Yar ta kifa kwalin a ƙasa ta zauna a kai, ta zuba tagumi. A waje mai ruwa yana ta danna hon, yara suna gudu a matakala. Ja da ruwan hoda suka kwanta a gefen fuskarta, ba ta ko motsa ba.