Nisan Kano da Landan

Zuwaira ta gyara durƙusonta a bakin zaure, tsakuwa na cin gwiwarta. Ba a ce ta shigo ba, ba a kuma ce ta tafi ba. A ciki Baffa Maccido, ƙanen marigayi babanta, yana yi wa Malam Abdulƙadiri bayani kamar ba ta wurin.

"Asibitin Sakkwato sunka zaɓe ta, wai karatun unguwarzoma a Landan. An ce ya hi Makka nisa, Malam. Ɗiya mace, ba muharrami. Kai ka taka hanyar Makka da ƙahwa, kai za ka hwaɗa mata."

Gobe motar Mu'azu direba za ta bar Wurno zuwa Kano. In ta tashi ba ita, wata za a ba gurbinta.

Malam ya daɗe yana jan tasbaha. Kowa ya san ya fita aikin hajji da matarsa Laraba yana da baƙin gemu, ya dawo shi kaɗai da furfura.

"Ke ɗiyata, zango nawa ne?"

"Babu zango, Malam. Jirgi na tashi Kano da la'asar. Ya sauka sau guda ya sha mai, hantsi na yi muna Landan."

Baffa ya yi tsaki. "Ka ji ƙaryar boko. Ko Goronyo da damina ba ka zuwa haka."

"Ba ni ƙarya, Baffa." Ta damƙe bakin mayafinta. "Kuma ba ni ɗai ba ce. Akwai mata biyu na Katsina, da babbar nas da za ta kai mu."

"Rufe min baki."

"Bar ta," in ji Malam. "Daga nan zuwa Kano hwa?"

"Kwana biyu, in laka ba ta riƙe mota ba. Ana kwana Gusau, cikin tasha."

"Da wa?"

Ta sunkuyar da kai. Baffa ya gyara zama, yana murmushi.

Malam ya ajiye tasbahar a kan buzu.

"Ni abin da na sani ga tahiya, Maccido, kwanan daji ne, da rijiyar da ba ka san mai ita ba, da zazzaɓin da ka kama mutum inda babu mai haƙa kabari sai kai. Shi ad dalilin muharrami. Wanga na sama ban taka shi ba, kuma tana cikin mata amintattu. Ba ni hana abin da ban sani ba." Ya dube shi. "Amma nan zuwa Kano tahiya ce ta gaske. Ba ta yin ta ita ɗai."

"Madalla. Shi ke nan, ta zamna."

"A'a. Kai za ka kai ta."

"Malam, albasata na hwadama tana jiran dashe."

"Albasa ta jira. Kai ka zo neman hukunci."

Zuwaira ta miƙe. Baffa ya fito ya wuce ta, yana saka takalmi, bai dubi inda take ba. Sai da ya kai bakin darni ya tsaya.

"Ki ce ma Mu'azu ni ba ni zama bisa buhu. Gaba nika so."