Alƙalin Wiski da Ba Ya Tari

Daren jiya ina sa haƙarƙarina a katifa sai mafarki ya sure ni, ya dire ni a wani gari da ake hawa bene ta hanyar gangarawa. Na yi ta gangara har na kai can sama, wani babban zaure cike da jama'a, kowa ya goya kujerarsa a baya ya zauna a ƙasa.

Wata agwagwa sanye da kwat ta tare ni.

"Kai ne Istifanus na Bukuru, wanda ba ya tari?"

"Ni ne."

An ce yabon kai jahilci, amma in ka ji wane, ba banza ba. Burukutu, giyar ogogoro, yajin mai tsire na bakin tasha, babu wanda ya taɓa sa ni ƙwarewa.

"To yau kai ne alƙali," in ji agwagwar. "Dokarmu ɗaya ce. Wanda ya yi tari, a ganga za mu rufe shi har sai ya nuna."

"Yakan daɗe?"

"Na ƙarshen da muka sa, jikokinsa ne ke zuwa leƙa shi."

Aka mirgino wata tsohuwar gangar katako, ta gaishe ni da muryar mai mura. Agwagwa ta yi bayani cewa wiski ce a ciki, ta sha'ir zalla, daga madafa ɗaya, kuma yadda ta kwanta a ganga haka za ta fito, ba a sirka ta da ko ɗigon ruwa ba. Aka tsiyaya mini a tambulan, launinta kamar zumar kaka. Na kai hanci. Ƙamshin ya riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya rusuna ya gaishe ni: hayaƙin itace, dabino, ɓawon lemo. Ƙamshin tsohon akwatin kakata ya iso a makare, ya ba da haƙuri.

Agwagwa ta miƙo cokali da ruwa a ciki.

"Masana kan ɗiga mata kaɗan, don ta buɗe."

"Ruwa? Ni? Kai wa yara."

Na kurɓa. Wuta ta bi maƙogwarona ta sauka har tafin ƙafa. Kunnuwana suka tashi fir, suka sauka a kan azara suna kallona. Sai ga tari ya hauro daga ƙirji, ya tsaya a bayan haƙorana yana sallama. Na ce masa maigidan ba ya nan. Ya jira, ya gaji, ya koma. Gaskiya na ji tsoro, don ta gefen ido ina ganin an riga an buɗe wata ganga daidai tsawona, amma ko gezau ban yi ba.

"Tana da zafi, tana da zuciya," na ce, "kuma ba ta saurin sallama. Na ba ta tara cikin goma. Ɗayan na riƙe don kada kanta ya kumbura."

Jama'a suka tafa da ƙafafu.

Sai ga ni tsundum a cikin tambulan.

"A garin nan," in ji agwagwa, "abin da ka ɗanɗana, shi ma sai ya ɗanɗana ka."

Tsohuwar ganga ta shinshina ni, ta kurɓi kaɗan ta wajen kafaɗata. Nan take ta ƙware, ta dinga tari har ƙarafan ɗaurinta suna kwancewa. Daɗi ya kama ni.

"Kai! Wannan ba a taɓa sirka shi ba," ta ce da ƙyar. "Barkono ne, da hayaƙi, da taurin kai. Akwai zuma can ƙasa, amma kafin mutum ya kai gare ta ya ji jiki."

Tunda ta karya doka, aka ɗauke ta aka rufe ta a cikin kanta.

Aka fito da kofin zinariya. Na miƙo hannu daga tambulan, agwagwa ta make shi da fiffike.

"Kai kurɓi ɗaya ka yi. Kofin na wanda ya fi daɗewa yana shan mai ƙarfi ne. Jama'a, wa ke shan mutumin nan kullum?"

Daga can baya matata Rifkatu ta miƙe, ludayi a hannunta.

"Ni ce. Tun ranar da aka ɗaura mana aure a coci, safe da yamma, ba ruwa."

"Kin taɓa yin tari?"

"A gabansa? A'a."

Aka ba ta kofin, zaure ya kaure da guɗa. Ƙirjina ya cika da alfahari har tambulan ya tsage. Na dinga sanar da na kusa cewa matata ce, kuma in ba don ƙarfina ba, da me za ta ci gasa?

A nan na farka. Gari ya waye, kunnuwana suna wurinsu. Daga kicin ina jin Rifkatu tana hura wuta, ta rufe ƙofa, tana tari ƙasa-ƙasa.

Na juya, gado ya yi ƙara. Sai ta haɗiye tarin.