Wayar da Na Miƙar

Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ko a gida sai an yi da gaske ake jin muryata. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na rubuta.

Ina aiki a ɗakin da ɗalibai ke koyon ƙera kayan ado, su zobe da ɗan kunne da abin wuya. Ni ba ɗaliba ba ce. Nawa shara ne da goge tebura, sai tattara guntayen wayar azurfa da suka yar, in miƙar da su don a sake amfani da su. A nan kam ba a fi ni ba. Sai in sa waya tsakanin katako biyu, in yi ta murzawa har ta miƙe sambal.

Wannan zangon Malama ta ba su aiki a kan layi. "Waya ɗaya, ba yanka, ba haɗi," in ji ta. "Layi yana sauri, yana gajiya, yana jin tsoro. Ku nuna mini." Ina shara ina saurare, ban gane ba. A wurina, layi mai kyau shi ne miƙaƙƙe.

Ranar Laraba bayan sun tashi, na ga wata waya a teburin Doguwa, ɗalibar da ke zama kusa da taga. Duk ta karkace, nan ta hau, nan ta gangaro, ƙarshenta a cukurkuɗe. Na ce a raina wannan ta lalace. Na murje ta tas, na jefa cikin akwatin waya. Har daɗi na ji.

Da safe Doguwa ta birkice teburinta kaf.

"Ina abin wuyana?"

"Wace? Tsutsar nan taki?" in ji Gwani, abokin karatunta da ba ya rabo da tsokana. "Ƙila ta ji sanyi ta koma rami."

Ba wanda ya yi dariya, don Doguwa ta fashe da kuka. A nan na ji labarin. Babanta maƙeri ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta kai masa wayar asibiti, ya kwana huɗu yana lanƙwasa ta da hannun da ke rawa. Layin nasa ne. Yanzu hannun ko cokali ba ya riƙewa.

"Kai ne ka ɓoye!" ta ce wa Gwani. "Tun makon jiya kake yi mata ba'a."

"Haba 'yar'uwa, bakina ne kawai ba shi da linzami. Wallahi ban taɓa ba."

Malama ta ce idan wayar ba ta fito ba zuwa Juma'a, za ta cire Gwani daga baje kolin ƙarshen zango, wanda shi ne jarabawarsu. Ya sunkuyar da kai.

Ina durƙushe ina kwashe shara Doguwa ta dafa kafaɗata. "Ƙanwata, ke ce ƙarshen fita jiya. Ba ki ga wanda ya taɓa teburina ba?"

Na girgiza kai. Allah ya gani, bakina ya buɗe, maganar ce ta ƙi fitowa.

Da suka fita cin abinci na buɗe akwatin. Wayoyi sun fi talatin, duk miƙaƙƙu, duk aikina. Na kasa gane wacce ce tata.

A gida Yaya ta dube ni ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?" Na gaya mata.

"In kin faɗa musu, za su iya korarki fa," in ji ta.

"Na sani."

"To shi yaron mutane da aka ɗora wa laifin fa?" in ji Yaya.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa. Ban taɓa tsintsiya ba. Na rungumi akwatin na tsaya a ƙofar ofishin Malama. Da na hango ta tafe tare da Doguwa, ban jira mun gaisa ba, don na san in na jira ba zan iya ba.

"Malama, ba Gwani ba ne. Ni ce na miƙar da ita."