Abin da Baba Ya Karanta a Katin Rediyo

Tana cikin ɗinka maɓalli na huɗu a gaban wata riga 'yarta ta faɗo shagon, jaka na lilo a kafaɗa ɗaya, ta ajiye mata takarda a cinya.

"Malama ta ce ki zo gobe da safe. Mama, kin san kifi ba ya rufe ido ko yana barci?"

"Gaida mutane tukuna, Aku."

Mai shagon ta ɗago daga kan keken ɗinki. "Wannan bakin ba ya zuwa hutu? Uwarki sai a wuni ba a ji ko tarinta ba. Anya ba a yi musanya a asibiti ba?"

Sauran telolin suka yi dariya. Uwar dai murmushi ta yi, ta buɗe takardar. Da Turanci aka rubuta, ita kuwa a aji huɗu karatunta ya tsaya. Ta bi layukan da ido kamar mai neman ɗan'uwa a tasha, sai ta ci karo da kalma ɗaya da ta sani: disrupt. Daɗi ya kama ta.

Da suka koma gida ta sauko da gwangwanin biskit daga saman kwaba. A ƙarƙashin tsofaffin hotuna katin sakamakonta yake, ya yi rawaya, ya tsage ta wajen ninki. Ga kalmar nan da jan biro.

Babanta masinja ne a wani ofis. Turancinsa na tsintuwa ne, daga takardun da yake hawa da sauka da su a bene. Duk ƙarshen zango zai zauna a benci bakin ƙofa, ya sa tabaransa mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ya karanta musu katunansu da ƙarfi kamar mai labaran duniya. Rediyo yake kiranta, don ba ta shiru. Ranar da ya zo kan wannan kalma ya ɗan dakata, ya ɗora yatsa a kai.

"Kin ga wannan, Rediyo? Malama ta ce in ba ke, aji barci yake yi."

Ta sa shi ya nuna mata sau uku. A shekarar ya rasu, suka koma gidan kawu, inda ba a son yaro mai baki. A hankali batirin Rediyo ya ƙare.

Da safe ta sa mayafinta na unguwa, ta zura katin a jaka. Aku ta shige aji, ita kuma aka nuna mata ofishin malamai, ɗaki mai ƙamshin alli, littattafai jibge a kan tebur.

"Kin karanta takardar?" in ji malamar, wata doguwa mai gajiyayyun idanu.

"Kalma ɗaya na gane, Malama. Na gode ƙwarai."

"Kin gode?"

Ta nuna kalmar da yatsa. Malamar ta dube ta, ta ja kujera kusa.

"Maman Aku, wannan ba yabo ba ne. Ma'anarta hargitsa abin da ke tafiya daidai. Kamar ruwa ya tsinke ana tsakiyar cin kasuwa, ko mota ta mace a kan gada ta tare hanya. Abu na tafiya, wani ya katse shi. Haka 'yarki take yi mini. Ina koyar da lissafi ta ɗaga hannu, wai wa ya fara ƙirƙiro sifili. Aji ya kece da dariya, sai na yi minti goma kafin in tattaro su. Shugaban makaranta ya ce in ba ta daina ba, a mayar da ita gida mako biyu, ga jarrabawa ta matso."

Maman Aku ta so ƙasa ta tsage. Abin da ta saba yi shi ne ta ce a yi haƙuri, ta tashi. Amma hannunta ya riga ya shiga jaka.

"Don Allah duba mini wannan."

Malamar ta karɓi katin da yatsu biyu, ta karanta, bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya ta danne.

"Naki ne? An ce kina hargitsa aji da surutu da tambayoyi. Ashe gado ne."

"Babana cewa ya yi..." Ta sake duban jan biron. Shekara ashirin tana ajiye da laifi a gwangwani, tana tsammanin lambar yabo ce.

"Dakata," in ji malamar, "akwai rubutu a baya. Hannun namiji ne."

Ta san da rubutun. Ta ɗauka sa hannu ne kawai, irin na Baba mai tsawo.

Malamar ta karanta a hankali, tana juyawa zuwa Hausa. "Ya ce, Malama, na gani, na kuma ja mata kunne. Amma ina roƙo kada a kashe rediyon nan, a dai rage masa murya. A ba ta minti biyar kafin a tashi, ta yi tambayoyinta duka."

Daga wani aji ana jin yara na maimaita jadawalin bakwai.

"Bai ja mini kunne ba," ta ce. "Ko sau ɗaya."

"An ba ki minti biyar ɗin?"

"Ban koma ba."

Ta ninke gefen mayafinta, ta warware. Sannan ta ɗago ta dubi malamar ido cikin ido, abin da ba ta yi wa kowa ba da daɗewa.

"Malama, ni ban iya rubuta irin nasa ba. Amma roƙon nan bai tsufa ba. Ki ba 'yata. Sauran kuma ki bar ni da ita."

Malamar ta juya katin gaba da baya. "Minti biyar. Mako ɗaya zan gwada. In ta katse ni kafin lokaci, ba ruwana, sai ta ji da shugaba."

Da aka tashi ta tsaya a bakin ƙofar makaranta tana jira. Aku ta fito a sanyaye, tana jan takalmi.

"Mama, me ta ce?"

"Ta ce in ba ke, aji barci yake yi."

"Da gaske?"

"Amma daga gobe tambayoyinki a aljihu za su zauna, sai minti biyar kafin ƙararrawa. Kika fito da ɗaya kafin nan, ni da ke ne."

Yarinyar ta yi tsalle, ta kama hannunta. "To Mama, kin san ai giwa—"

"Tsaya," ta katse ta. "Ni ma ina da tambaya. Kifin nan naki, in ba ya rufe ido, ta yaya aka san barci yake yi?"

Aku ta buɗe baki, ta rufe. Har suka kai bakin titi ba ta ce uffan ba.