Lasifika Mai Baki Goma Sha Biyar

Da hantsi Kalilu ya sauko daga motar Birnin Kebbi, da wani baƙin ƙarfe a kansa, mai bakuna goma sha biyar jere kamar saƙar zuma. Lasifikar tsohon gidan silima ce. Mutanen Argungu suka bi shi da ido har ƙofar gidansu, shi kuwa ko gaisuwa bai tsaya amsawa ba.

Kwana uku ke nan bai zauna wuri ɗaya ba. Wani alhaji ya kawo kaset daga Sudan, saƙon Hodi, ƙanen mahaifinsa, wanda ya sayar da kwalekwalen gadonsu a ɓoye ya gudu shekara talatin da suka wuce. Alhajin zai koma jibi, kuma yana jiran amsa. Ga shi Arzika, mahaifin Kalilu, kunnensa ya yi nauyi. An gaya masa da ƙarfi cewa Hodi na kwance ba lafiya, gafara yake nema, tsoho ya ce shi ba a yi masa tafinta tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ya ma rantse ƙarya ake shirya masa don a tausasa shi.

Kalilu mai gyaran rediyo ne, kuma irin mutanen nan da suka yarda babu abin da waya ba ta gyarawa. Ya ɗora lasifikar a kan akwatin katako mai fitar da kakkaurar murya, ya haɗa da rikoda da batirin mota, ya zaunar da tsoho a gabanta, ya murɗa.

Muryar Hodi ta tsage ɗakin. An ƙera bakunan nan ne don su watsa sauti ga 'yan kallo ɗari biyar, suka kuwa yi aikinsu. Kaji suka watse. Mata masu shanyar shinkafa a gida na uku suka ji yadda aka sayar da kwalekwale, da wanda ya saya, da kukan da Hodi ya yi a tsakiyar magana. Kunya ta rufe Kalilu, don asirin gidansu ne yake yawo a unguwa.

Arzika ya dube shi. "Ka kunna, ko ba ka kunna ba?"

Sai a nan Kalilu ya gane kuskurensa. Ya manta cewa siririn sauti kawai bakunan ke ɗauka, wanda shi ne ya fara barin kunnen tsoho.

Ya miƙa hannu zai kashe, mahaifinsa ya riƙe shi. Tsohon masunci ne, ya saba laluben kifi a ramin ruwan da ido ba ya gani. Ya zura hannu cikin bakunan ɗaya bayan ɗaya, bai sami komai ba. Ya gangara kan akwatin katakon, ya shimfiɗa tafinsa, sannan ya kwantar da ƙirjinsa a kai yadda yake hawa gorarsa ta kamun kifi a gulbi.

Ya daɗe a haka. Can katakon ya girgiza sau biyu, ya tsaya, ya sake girgiza sau ɗaya.

"Wanga tarin Hodi na," in ji tsoho a hankali. "Tun muna yara haka shika yi in za ya roƙi abu."

Kalilu ya durƙusa daidai kunnensa. "Baba, in maimaita maka abin da yac ce?"

"Bari. Sa sabon kaset ka ɗauki amsata." Bai ɗaga ƙirjinsa daga akwatin ba. "Ko mi yar roƙa, na ba shi."