Ƙuma a Bargon Mai Feshi

Auta ta ɗage rigar jaririnta, ta juya bayansa wajen taga.

"Umma, duba. Don Allah ki duba da kyau, kada ki ce min ƙurajen zafi ne."

Umma ta sunkuya. Jajayen ƙuraje ne ƙanana, sun jeru a ƙugun yaron, wasu a bayan gwiwa. Ba sai an gaya mata ba. Mijinta feshin ƙwari ya yi duk rayuwarsa, gida-gida, da tanki a baya. Cizon ƙuma ko daga barci aka tashe ta za ta gane shi.

"Ƙuma ce," ta ce a hankali.

"To ga mai kawo ta can."

Auta ta nuna tsohuwar kujerar da ke lungun falo. A kanta akwai bargo ruwan toka, a kan bargon kuma kyanwa fara mai baƙin kunne ta ɗaga ƙafa tana susa kamar za ta yage wuyanta. Manaja ke nan. Marigayi mijin Umma ne ya tsinto ta a wani sito da ya je yi wa feshi, tana 'yar mitsitsiya, ya sako ta a aljihun rigar aiki. Ya ce tun da ba ta taɓuka komai sai zama ta zuba masa ido yana gyaran tanki, ai ita ce manajar kamfanin.

"Akwai maganin da likitocin dabbobi ke ɗiga musu a ƙeya," in ji Auta. "Ɗigo kaɗan, shi ke nan."

"Ba a gidan nan ba."

"Umma, ba irin na Abba ba ne fa."

"Na ce ba a gidan nan ba!"

Auta ta sauke rigar yaron. Ita ma tana nan lokacin da huhun mahaifinta ya ƙare. A kujerar nan ya yi jinyarsa a zaune, don in ya kwanta numfashi ba ya fita, bargon nan a kafaɗarsa, Manaja a cinyarsa. Da bakinsa ya ce a fitar da tankin da kwalaben duka, kada ko ɗaya ta sake shigowa. Umma ta riƙe maganar nan da hannu biyu.

Auta ta goya ɗanta, ta ɗauki jaka.

"Ban iya zuba ido ana cin naman yarona ba. Ko ƙuma ta bar gidan nan, ko Manaja ta bar shi. Kafin nan, ki yafe min, ba zan sake kawo shi ba."

Ƙofa ta rufe. Manaja ta ci gaba da susa.

Washegari Umma ta ɗaura ɗamara. Ta dafa ganyen darbejiya da ɓawon lemun tsami, ta bar ruwan ya huce, ta jiƙa tsumma ta goge Manaja tun daga kunne har wutsiya. Ta samo mataji mai ƙananan haƙora, ta zauna a bakin ƙofa da kwanon ruwan sabulu, tana taje gashin tana tsoma matajin. Baƙaƙen ƙwayoyi suka rufe kan ruwan. Ta wanke zanen gadonta da labule, ta kai katifa rana, ta barbaɗa gishiri a tsagogin ƙasa, ta share ƙarƙashin gado har bayanta ya ƙage.

Kujerar kawai ta kewaye da tsintsiya.

Tun ranar da aka fita da gawar mijinta, ruwa bai taɓa bargon ba. In gidan ya yi mata faɗi, takan durƙusa ta cusa fuskarta a ciki. Yana nan: man da yake shafawa a ƙirji, da zufarsa, da ɗan ƙamshin lemun da yake ɓarewa yana sauraron rediyo. Kayansa duk an rabar. Wannan kaɗai ya rage, shi da Manaja.

Da safe Manaja takan fito daga hannun Umma fes, ta miƙe, ta haye bargo. Kafin la'asar susa ta dawo.

"Ke ma dai, Yaya, da wahalar da kai kike."

Mai Kanti ce, maƙwabciyarta, ta leƙo ta saman katanga tana cin gyaɗa. A bayanta ƙaton karenta, Kwamanda, yana kaɗa wutsiya.

"Kullum wanka, kullum taje kai, sai ka ce amarya. Tafarnuwa za ki ba ta. Ni ita nake jefa wa wannan ɗan banzan a abinci. Warin yana fita ta fata, ƙuma ta tattara nata ya nata."

"Ba ta da illa?"

"Tafarnuwar? Wadda ni da ke muke ci da bakinmu? Haba Yaya! Dubi Kwamanda, ko jaki ya fi shi lafiya?"

Umma ta yi dariya, karo na farko tun tafiyar Auta. A gidan mai feshi, guba tana da kama: kwalba ce mai jan rubutu da hoton ƙwarangwal. Abin da ya fito daga kwandon kicin kuwa abinci ne.

Ta daka tafarnuwa, ta cakuɗa da kifin gwangwani. Manaja ta sansana, ta ja da baya.

"Ranki ya daɗe, taimaka ki ci," in ji Umma. "Kina so a kore ki daga ofis?"

Ta ɗebo a yatsa ta kai mata baki. Manaja ta dube ta, ta lasa. Daga hannun Umma ba ta taɓa ƙin komai ba.

Ƙuma ba ta tafi ba, sai Umma ta ƙara yawan tafarnuwar. Ta koma safe da yamma. Cikin kwanaki Manaja ta rage susa. Ta daina bin Umma kicin, ta daina hawa taga, sai barci. Umma ta ɗauki waya da murna.

"Auta, ta daina susa! Kwance take abinta lafiya lau. Ki shirya kawo min mijina."

"Da gaske, Umma? Me kika yi mata?"

"Sirrin tsofaffi ne. Ke dai ki zo ƙarshen mako."

Ba a kai ƙarshen makon ba. Da hantsi Umma ta fito daga wanka ta tarar da Manaja a gindin kujera tana ƙoƙarin hawa. Ta yunƙura, faratanta suka kama bargon, ta zamo ta faɗi a gefe. Cikinta yana sama yana ƙasa da sauri. Kusa da ita fitsari ne a ƙasa, ja-ja kamar ruwan shayi.

Umma ba ta san lokacin da ta fizgo bargon ta naɗe ta ba. Ko takalmi ba ta daidaita ba ta fita titi tana ɗaga wa tasi hannu.

Asibitin dabbobin ɗaki biyu ne a bayan wani shagon taya. Likitar matashiya ce mai gilashi. Ta karɓi ƙunshin ta ɗora a kan teburin ƙarfe, ta ɗaga leɓen Manaja da yatsa. Dasashin fari fat, kamar takarda.

"Mama, jininta ya ƙare. Me take ci?"

"Kifi. Da 'yar tafarnuwa, saboda ƙuma."

Hannun likitar ya tsaya.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Amma ba magani ba ne, 'yata, ban ba ta magani ko ɗaya ba. Ta miya ce. Maƙwabciyata ma tana ba karenta."

"Karen ma ta daina. Girmansa ne ya sa bai nuna ba tukuna. Jikin kyanwa ba ya ɗaukarta ko kaɗan, farfasa mata jini take yi. Ga ƙuma kuma tana zuƙar wanda ya rage."

Umma ta dafa bango.

Likitar ta zare bargon daga ƙarƙashin Manaja don ta sa mata tawul. Tana ɗaga shi, wani abu ya zubo a kan teburin kamar an barbaɗa gishiri da barkono. Farare da baƙaƙe. Wasu baƙaƙen suka fara tsalle.

"A nan take kwana?"

Umma ta gyaɗa kai.

"Fararen nan ƙwai ne. Ko sau nawa kika wanke ta, tana komawa nan za su sake hawanta. Yaushe rabon a wanke shi?"

Umma ta zuba wa teburin ido. Muryar mijinta take ji, yana tsaye a ƙofar gidajen mutane da tanki a baya, yana faɗa musu abin da ya faɗa sau ba adadi a gabanta: ƙuma cin abinci kawai take zuwa yi a jikin dabba, gidanta yana makwanci. Ta san wannan. Tun ranar farko ta sani.

"Na maigidana ne," ta ce. "Ya rasu."

Likitar ta cire gilashinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke bargon a hankali, ta sa a baƙar leda, ta ƙulle bakin.

"Zan sa mata ruwa, in nemi kyanwar da za a ɗebi jini a jikinta. Ban yi miki alkawari ba, Mama. Amma in ta tashi, ba za ta koma kan wannan a haka ba. Tafasasshen ruwa da sabulu, sannan rana. Kujerar ma a fitar da ita."

Umma ta shafa baƙin kunnen. Manaja ta buɗe ido kaɗan, ta lasar mata yatsa.

Mai Kanti ce, da ta ji labari, ta kira Auta a waya tana kuka; ko da Auta ta iso, ta tarar da kujerar a tsakar gida cikin rana, babbar tukunya tana tafasa a kan murhu. Umma tana tsaye da ledar a hannu.

"Umma, kawo in yi miki."

"A'a."

"To a yanki ɗan gefensa ki ajiye."

"Da ƙwan a ciki?"

Ta kwance ledar. Ta ɗaga bargon kamar za ta kai fuska, sai ta fasa, ta sake shi cikin ruwan, ta danna da muciya.

Tururi ya taso. Nan take tsakar gidan ya cika da shi: man ƙirji, zufa, ɓawon lemu, kamar yanzu ya shigo daga aiki yana neman ruwan wanka. Auta ta toshe baki da hannu.

"Abba," ta ce.

Umma ta tsaya cikin tururin, idonta a rufe, tana shaƙa har ƙirjinta ya yi zafi. Sannan ta zuba garin sabulu. Kumfa ta taso, ruwan ya koma baƙi. Ta zubar, ta sake tafasa wani, ta sake, har ya fita tas. Su biyu suka kama bakin bargon suka matse, suka shanya a igiya.

Rana ta yi aikinta. Kafin la'asar ya bushe ƙayau. Umma tana zaune a ƙasa, jikanta a cinya, tana shafa tabon cizon da ya fara baƙi a ƙugunsa, sai wayar Auta ta yi ƙara.

Auta ta koma gefe. Ta ce "to." Ta sake cewa "to." Ta ce, "Mun gode, Likita, Allah ya saka." Da ta juyo ba ta iya haɗa ido da uwarta ba.

"Ba a kai ga samun jinin ba, Umma."

Umma ta miƙa mata yaron. Ta tashi da kyar, ta je igiya ta sauke bargon, ta ninke shi gida huɗu.

"Ki bar shi a nan," in ji Auta. "Likita ta ce akwai kwalin da za a sa gawar."

"Manaja ba ta kwana a kwali. Don ita na wanke shi, a ciki za ta dawo."

A cikin tasi Auta ta zauna gaba da yaron. Ta madubi ta ga uwarta ta sunkuyar da kai, ta cusa fuska cikin bargon, ta daɗe a haka.

"Umma?"

Umma ta ɗago, ta gyara ninkin a kan cinyarta.

"Sabulu ne kawai," ta ce. "Direba, a bayan shagon tayar can za ka tsaya."